Rantsuwar da Na Yi a Malaz

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake jin kowane harshe, yake kuma jin abin da mutum ya ɓoye a ƙarƙashin harshen.

Zangona na farko a Riyad shi ne unguwar Al-Oud, a wani tsohon bene da tagarsa ke kallon katangar maƙabarta. Ejan ɗin da ya cinye kuɗin gonata ya ce mini tuƙi zan yi, mota mai sanyi, ɗaki nawa ni kaɗai. Da na iso sai na tarar kafilina, Balaraben da sunansa ke kan takardata, ko keke ba shi da shi balle mota. Ya karɓe fasfona, ya nuna mini titi, ya ce in nemi aiki da kaina, ƙarshen wata in kawo masa rabonsa. Larabcina kuwa na allo ne. Ina iya karanta sura, amma ba na iya tambayar inda banɗaki yake.

A benen nan na haɗu da Lawali, birkila, mutumin Talata Mafara. Na kusa haifarsa, amma ya riga ni zuwa ƙasar, don haka a nan shi ne babba. Ya tarar da ni zaune kan jakata a bakin ƙofa, bai tambaye ni komai ba, ya ja katifarsa gefe ya shimfiɗa mini bargo.

"Baba, ka yi sa'ar unguwa," ya ce, yana nuna maƙabartar da haɓa. "Maƙwabtanmu ba sa kunna rediyo, ba sa zuwa aron gishiri."

Shi ya ciyar da ni gurasa da shayi har na samu aiki, kuma shi ya samo mini aikin, dakon buhuna a shagon wani dattijo ɗan Yaman a kasuwar Batha, Ammu Hizam, mai sayar da kayan ƙamshi. Aikin akwai ciwon baya, amma ban ƙi shi ba. In kewar gida ta taso mini sai in shiga sito in buɗe buhun citta da kanumfari in tura fuskata, in ji kamar ina tsakar gidanmu a Malumfashi ana dama kunu. Ina wannan aikin mahaifiyata ta rasu. Na je wurin kafil ina roƙon fasfona, ya ce in kawo kuɗin wata uku tukuna. A ƙofar maƙabartar Al-Oud na tsaya na yi mata addu'a, a kan kaburburan mutanen da ban sani ba.

Gab da azumi kasuwa ta buɗe. Wata rana mun sayar har sito ya yi fili, Ammu Hizam na lissafi yana murmushi. Na so in nuna masa na fara jin Larabci, sai na ɗaga murya a gaban masu saye na ce, "Ammu, alyaum riba kasir, alhamdu lillahi." Nufina yau mun ci riba mai yawa.

Murmushin ya ɓace. Masu saye suka juyo. Ya miƙe yana kaɗa hannu yana neman tsari, ban ji komai ba sai "riba" da "ittaƙillaha", sannan ya nuna mini ƙofa. Na taka da ƙafa har Al-Oud ina tunanin me zan kai wa kafil.

A ɗaki na tarar da Lawali da Malam Isufu, wani ɗalibin jami'a mutumin Maraɗi da kan zo wurinmu cin tuwo. Da na ba su labari, Lawali ya kwanta yana dariya har da tari. Malam Isufu ne ya ji tausayina.

"Baba, kalmar da ka ɗauko daga gida ta canza riga a hanya. Abin da muke ce wa riba, su ribhu suke cewa. Riba a bakinsu ita ce kuɗin ruwa. Ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka yi wa mutum shelar yana cin haram, ka kuma gode wa Allah a kai."

Na dafe kai.

"Akwai 'yar'uwarta ma," ya ce. "In ka ji ma'aikacin banki ya ce fa'ida, kada ka yi murna. Ba fa'idar Hausa ba ce. Ruwan ne aka yi masa wanka aka shafa masa turare."

Washegari na koma don in ba da haƙuri. Ashe wani ya riga ya warware wa Ammu Hizam. Ya tarye ni da dabino cikin tafin hannu, yana dariya har hawaye, kuma daga ranar har na bar shagonsa bai sake kirana Tanimu ba, sai Abu Riba. Ni kuma na mai da abin karatu. Duk baƙon da ya sauka daga gida, kafin ya kwance jaka sai na zaunar da shi na koya masa kalmomin nan biyu. Har tsokanata ake yi, a ce wa sabon zuwa, "Je ka wurin Baba ka ɗauki darasin riba." Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya yi mini uzurin jahilci a abin da zai biyo baya. A duk Hausawan Riyad babu wanda ya fi ni sanin bambancin.

Zango na biyu Malaz, wata unguwa a nan Riyad. Bayan shekaru Allah Ya raba ni da kafilin farko, na koma hannun wani ofishi da ke neman direba. Iƙamata, wato takardar zama a ƙasar, ta zama mai tsabta, na samu ɗaki ni kaɗai a bayan ofishin, gemu ya yi furfura. Ranar Juma'a ɗakina kan cika da 'yan gida, a yi tuwon shinkafa da miyar kuka, in ba liman a kusa ni ake turawa gaba.

Lawali ne ya fara kawo mini ajiya. Ya yi shekara da shekaru yana aika wa ƙaninsa kuɗin gini, da ya je hutu ya tarar da tubali layi biyu da akuya ɗaure a ciki. Ya dawo ya ce, "Baba, daga yau kai ne bankina." Wasu suka biyo shi. Wani iƙamarsa ta mutu ba ya iya aikawa, wani tsoron danginsa yake, wani tsoron kansa yake. Na ga kuɗin mutane ba zai kwana a ƙarƙashin katifa ba, sai na ce a buɗe asusu a gida. Ni ba na gida balle in danna yatsa a banki, don haka na sa 'yata ta buɗe da sunanta. Ummi ake ce mata, sunan mahaifiyata gare ta, ni Uwata nake kiranta. Lokacin ta gama sakandare ke nan. Abin da ma'aikacin banki ya zaɓa mata shi ta sa wa hannu, lambar wayar da aka ɗora kuwa tawa ce ta gida, wadda ke cikin wata ƙaramar waya a aljihuna. Saboda haka duk saƙon banki wurina yake zuwa, ita ba ta ganin komai.

Da na yi aiken farko sai saƙo biyu suka shigo. Ɗaya na kuɗin da na tura, ɗaya na wani ƙari, garabasar da bankin ke ba wanda aka aiko wa kuɗi daga waje. Ƙarshen wata kuma sai ga wani ƙarin, shi kuma na kwanan da kuɗin ya yi. Na kalle shi na san ko mene ne. Na ce ranar Juma'a zan faɗa musu mu san yadda za a yi. Juma'ar ta zo, aka ci tuwo, aka yi gardamar ƙwallo, aka watse. Na ce wata Juma'ar.

Kafin wata Juma'ar ta zo sai Ummi ta samu gurbi a makarantar koyon harhaɗa magani, aka ce a biya cikin mako. Albashina ya riga ya tafi kan jinyar uwarta. Na zauna da wayar nan a hannu na ce aro ne. Ban taɓa uwar kuɗin kowa ba, ƙarin kawai na ɗiba. Daga nan hannu ya saba. Kuma a zuciyata ban taɓa kiransa kuɗin ruwa ba. Fa'ida nake ce masa, in bar kalmar ta yi mini sauti irin na gida. Ai kowane abu da fa'idarsa, ai mai gadi ma ana ba shi na goro. Duk wanda ya nemi ajiyarsa kuwa cif yake samunta, ko sisi babu ragi, sai sunana ya ƙara tashi. Har daga Jidda ake aiko mini da gaisuwa, ana cewa Baba Tanimu mai amana.

Wata Juma'a bayan an wanke hannu, Lawali ya jingina da bango yana sakace, ya ce, "Baba, wani ɗan ƙanen babana ya ce wai kuɗi in ya kwana a banki haihuwa yake yi. Namu juya ne?"

Aka yi dariya. Da wasa ya faɗa, da na yi dariya ni ma da ta wuce. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ajiye kofin shayi da ƙarfi.

"Lawali, ni kake tuhuma?"

"Haba Baba, tambaya ce."

"To ku ji da kunnenku. Wallahi tallahi ban taɓa cin riba da kuɗinku ba. Ban saya da shi ba, ban sayar ba, ban ba wani ya juya ba."

Na zaɓi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da Hausa na rantse, kuma da Hausa gaskiya ce, ban yi kasuwanci da kuɗinsu ba. Na tsaya tsakanin harshe biyu, na ɗauki ma'anar da ta rufa mini asiri, na sa sunan Allah a kai. Lawali, mutumin da ya raba mini bargonsa, ya sauko daga inda yake ya durƙusa a gabana.

"Ka yafe mini, Baba. Bakina ne ba shi da linzami."

Na ɗora masa hannu a ka na ce na yafe. Juma'ar da ta biyo ya kawo mini kwalbar turaren oud ta ban haƙuri. Na karɓa. Na shafa.

Haka aka yi ta tafiya har Ummi ta gama makaranta, ta yi aiki a ƙarƙashin wasu, ta tara abin da ta tara, ta kama shago a Malumfashi za ta buɗe kemis nata. Ina ajiye mota a gaban ofis da hantsi sai ga kiranta.

"Baba, kana tuƙi?"

"Na tsaya, Uwata. Lafiya?"

"Na je ofishin haraji neman shaidar biya, sai da ita za a ba ni lasisi. Mutumin ya fito da takarda daga banki, da sunana a sama. Ya ce duk abin da banki ya ƙara wa mutum, ruwa ne ko garabasa, samu ne, kuma ana rubuta shi a takardar haraji ta shekara. Ya ce ni shekara da shekaru ina samu ban taɓa rubutawa ba. Na ce ban san da shi ba. Ya ce kowa haka yake cewa."

"Ai kuɗin mutane ne, kin sani."

"Na faɗa masa. Ya ce to ko dai na ɓoye samu, ko ina wanke wa wani kuɗi, in zaɓi ɗaya. Ya riƙe fayil ɗina. Ya ce in da gaske kuɗin ba nawa ba ne, masu shi su rubuto su sa hannu, su faɗi wanda ƙarin ya shiga hannunsa, a biya harajinsa. Baba, na biya hayar shago. Maganin da na sara yana da ranar lalacewa."

Abin da ya fito daga bakina, ina jin kunyar rubuta shi. Na ce, "Ba a iya ba shi ɗan na goro?"



"Baba, ƙarin nan ina ya tafi?"

Na ce, "Uwata."

"Kuɗin makarantata?"

Na ji motocin Malaz na wucewa, na ji numfashinta. Ta ce, "To," ta kashe.

Ko a nan ban tuba ba, dabara na nema. Na je Batha wurin masu buga takardu, na sa aka rubuta mini bayanin da Turanci, komai da komai, har da inda aka ce ƙarin ni na karɓa na kashe. Na san a cikin masu ajiyar babu mai karanta Turanci sosai. Zan ce musu takardar banki ce ta sabunta asusu, su sa hannu, Ummi ta fita, ni ma in fita. Na riga na ɓuya a bayan Hausa, yanzu zan ɓuya a bayan Turanci.

Zango na uku Dir'iyya, a bayan garin Riyad, inda Lawali ke aiki a lokacin, wurin da ake ta da gine-gine masu launin ƙasa a gefen kwari. Na same shi lokacin hutun rana, zaune a inuwar wata katanga, hular kwano a gefe, fuskarsa fari fat da siminti. Shi ma furfura ta fara fito masa. Da ya hango ni ya miƙe, ya kakkaɓe wani kwali ya shimfiɗa mini, ya turo mini robar shinkafarsa.

"Baba da kansa a cikin wannan rana? Ko kishiya za ka yi wa Hajiya kake neman waliyyi?"

Na ce takarda ce ta banki ake son hannunsa. Ya goge tafinsa a wando, ya karɓi biro, bai ko kalli rubutun ba.

"Ina zan sa?"

Da ya tambaye ni mene ne a ciki, ina jin da na yi masa ƙarya, don na zo da ita a shirye. Amma bai tambaya ba. Ya sunkuya, ya ɗora takardar a gwiwa, yana jiran yatsana ya nuna masa wuri. Na ga tsakiyar kansa, daidai inda na ɗora hannu na ce na yafe. Sai na riƙe biron.

"Lawali, kuɗinku ba juya ba ne. Ya haihu. Ni na cinye 'ya'yan."

Na faɗa masa duka, garabasar da ruwan da makarantar Ummi da fayil ɗin da aka riƙe. Bai katse ni ba. Da na gama ya rufe robar shinkafar a hankali.

"Ka rantse fa, Baba."

"Na rantse."

"Ka ce ba ka ci riba ba."

"Da Hausa na faɗa."

Ya kalle ni. Ina ganin lokacin da abin ya sauka masa, don yana ɗakin ranar da Malam Isufu ya warware mana kalmar, shi ne ma mai dariya.

"Ni na durƙusa maka," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai tuna wa kansa. Ya miƙo mini takardar, ya ɗauki hularsa. "Ba zan sa ba yau. Ka zo Juma'a masaukinmu, zan tara su. Ka faɗa musu da bakinka. Kafin ka zo ka zaɓi harshen da za ka yi magana da shi."

Ranar Juma'a na je. A tsaye na yi magana, don ba wanda ya ce in zauna. Na ce na ci kuɗin ruwa, na ce na ci riba irin ta Larabci, na ce na ci fa'ida irin ta banki, don kada in bar wa kaina wata kafa. Wani ya tashi ya fita. Wani yaron Sakkwato da na taɓa zaunarwa na koya wa darasin ya ce, "Ashe malamin bita yake yi." Ba wanda ya yi dariya. Na ce ina da fili a gida, zan sayar in mayar wa kowa abin da kuɗinsa ya haifa. Nan gardama ta tashi, wasu na cewa a karɓa, wasu na cewa wa zai kai haram gidansa. Lawali ne ya raba.

"Garabasa kyauta ce, tamu ce, zai biya. Ruwa kuwa shi ya sha, shi ya san yadda zai amayar. Ni ba na so. Da ya faɗa mana tun farko da mun san yadda muka yi da shi. Yanzu ban sani ba ko in gode masa da ya shanye mana, ko in bar shi da Allah."

Ya sa wani mai jin Turanci ya karanta takardar a fili, ya fassara layi layi. Sannan ya karɓi biro.

"Don Ummi zan sa. Ita harshe ɗaya gare ta."

Ya sa hannu, ya miƙa wa na kusa da shi. Ɗaya bayan ɗaya suka sa, har wanda ya fita aka kirawo shi. Da zan tafi Lawali ya rako ni bakin ƙofa, saboda tarbiyyarsa ba za ta bar shi ya zauna ba. Ya ce, "Sauka lafiya, Malam Tanimu." Tun ranar da ya same ni a kan jakata a Al-Oud bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Filin ya tafi. Na biya harajin da tarar da aka ɗora, na mayar da garabasar, kowa ya kwashe ajiyarsa. Kwatankwacin ruwan na aika aka gyara banɗakunan wata makarantar firamare a ƙauyenmu, kamar yadda wani malami ya ba ni shawara, ya kuma ce kada in sa ran lada. Har yanzu ina Malaz, ina tuƙi. Ranar Juma'a tukunya ƙarama nake ɗorawa. Kwalbar turaren tana kan taga, saura kaɗan a ciki, ban iya shafawa ba ban iya zubarwa ba.

An saki fayil ɗin Ummi, ta samu lasisi. Ta daɗe ba ta kira ni ba, sai dai uwarta ta ce tana gaishe ni. Ran nan da la'asar, ina wanke mota, ƙaramar wayar ta yi ƙara.

"Baba, ina wuni. Na rufe lissafin watan farko."

"Madalla, Uwata. Yaya kasuwar?"

"Alhamdu lillahi. Na ci riba."

Na tsaya da tsumma a hannu, ruwa na zuba a kan takalmina. Ta jira ni kaɗan.

"Ta Hausa, Baba," ta ce.